Sakwarar Ɗan Ikko

Ranar da Amana ta dawo daga lakwal, wato makaranta, ta ce Madam Farida na neman iyayen da ba a Nijar aka haife su ba, su zo su ba ƴan aji labarin ƙasarsu, Kalebu bai bari ɗiyar tasa ta kai ƙarshen magana ba. Ya ture injin ban ruwan da yake kwancewa, ya goge hannu a wando, ya miƙe tsaye.

"Ki gaya wa Madam ta samu. Ki ce Ɗan Ikko da kansa zai zo."

Ɗan Ikko shi ne sunan da duk Madarumfa ta san shi da shi. Masu lambun bakin tabki da ke kawo masa injuna gyara haka suke kiransa, a majami'a ma haka, a majalisar maƙwabcinsa Sule da ke ƙarƙashin dogon yaro kuwa, duk gardamar da ta shafi teku ko gada ko jirgin ruwa gabansa ake kai ta ya yanke. Sunan nan shi ne dukiyarsa. In aka cire shi, ba abin da zai rage sai wani mai gyaran inji da baƙin mai a farce.

A Najeriya aka haife shi, wannan ba ƙarya ba ce. Sai dai a Kukar Maje ne, wani ƙauye a bayan Jibiya, wanda in ka hau babur daga Madarumfa da hantsi za ka isa rana ba ta yi zafi ba. Ikko kuwa sau ɗaya ya taɓa zuwa, yana saurayi, a kan buhunan albasa a bayan babbar mota. Ya kwana a tasha, ya ci sakwara a wata rumfa, ya biyo motar ya dawo. Daga wannan tafiya ya samo labaran da yake ta ci da su har ya yi furfura a gemu.

Matarsa Susana, wadda aka kai ta Kukar Maje tana amarya, ta ɗago kai daga tsintar wake.

"Baban Amana, ka ba su labarin garinku mana. Rijiyar nan mai zurfi, da kasuwar Laraba, da furar Inna."

"In tsaya gaban ɗiyan mutane in ce a ƙasarmu muna shan fura? Su ce mini mi? Sannu da zuwa daga tsallaken hanya?"

Amana ta ce a hankali, "Baba, matar nan ƴar Togo da ta zo makon jiya hoto kawai ta nuna mana, ta yi waƙa, ta tafi."

"Togo ke nan. Ni tufafin Ikko zan sa, in koya musu gaisuwar Ikko, in daka musu sakwara a gaban idonsu. Ɗiyan Madarumfa za su san an yi baƙo."

Washegari ya hau babur ya tafi kasuwar Ɗan Issa, ya dawo da manyan doya guda uku a buhu. Bai bi gajeriyar hanya ba, sai da ya ratsa ta gaban majalisa, ya tsaya kamar babur ɗin ne ya mutu.

Sule ya leƙa buhun. "Ɗan Ikko, itacen girki ka sayo?"

"Abincin manya ne wanga, Sule. Bakin da ya saba da ƙanzo ba zai gane ba."

"To mun gode. Kai kuma wa zai daka maka?"

"Ni. A Ikko daka aikin maza ne."

"Allah mai iko. Shekara nawa muna maƙwabtaka, ko barkono ban taɓa jin ka daka ba."

"Saboda ba ku da abin da ya isa in daka."

A gida Susana ta juya doyar, ta ƙwanƙwasa ta, ta ce, "Mai kyau ce. To in ka tashi, sai a fara..."

"Susana. Ke kin taɓa ganin teku?"

"A'a."

"To."

Ta ajiye doyar. Shi kuwa ba ya buƙatar a koya masa komai, don ya riga ya yi lissafinsa. Gero sai an daka. Dawa sai an daka. Ba wanda ya taɓa dafa hatsi kafin ya kai shi turmi. A rumfar nan ta Ikko da idonsa ya ga mata suna dakan wani farin abu, suka kwashe daga turmi suka sa masa a kwano da ɗuminsa. Ashe ke nan dakan ne ke dafa ta. Abin da ake buƙata ƙarfi ne kawai, ƙarfi kuwa Allah ya ba shi.

Saura tufafi. Ya je wurin dattijo Li'azaru mai riƙe makullin ɗakin ajiyar majami'a, ya ce a ara masa wata babbar riga. Li'azaru ya buɗe akwatin kayan wasan Kirsimeti. Kalebu ya zaɓi wata ja mai faɗi, mai ƙyalƙyali a wuya da bakin hannu.

"Kalebu, ka san ko ta wa ce wannan?"

"Irinta sak manyan Ikko ke sawa, Baba."

Li'azaru ya naɗe ta, ya miƙa masa. Hula kuma Kalebu ya yanke ƙafar wani tsohon wandonsa, ya ɗinke bakin, ya kifa a kai, ya karya ta gefe ɗaya.

Ranar da za a yi, ya aika aka aro masa turmin Balaraba matar Sule, don na gidansa ya yi ƙanƙanta da mutuncinsa. Balaraba ta biyo turmin har ƙofa.

"Baban Amana, turmin nan na gado ne. In ka fasa shi ko Ikko ka gudu sai na iske ka."

Ya ɗaure turmin a bayan babur, ya gicciya taɓarya a kansa, ya rataya buhun doya a gaba. Ya ji buhun ya ɗan yi sauƙi, amma bai tsaya dubawa ba. Susana ta fito tana gyara ɗankwali.

"Ko dai in ɗora ruwa..."

"Teku, Susana."

"To, Allah ya kiyaye hanya."

Hanya ba ta kiyayu ba. A lungun farko taɓarya ta share faifan tumatirin wata mai talla. A na biyu ta maƙale tsakanin katanga da amalanken jaki, babur ya tsaya cak, Kalebu ya ci gaba shi kaɗai har sai da ƙirjinsa ya daki buhun doya. Da ya fito fili iska ta cika jar rigar, ta kumbura kamar tanti, gefenta ya shige cikin sarƙar babur. Daga nan sai turawa. Ya isa ƙofar lakwal a ƙasa yana haki, rabin rigar ya sha baƙin mai, bayansa kuma Sule ne da ƴan majalisa, da mai tumatir tana faɗa, da Balaraba da ta biyo turminta, da awaki biyu da suka ji ƙanshin doya.

Madam Farida ta tarbe shi da fara'a, ta shigar da shi aji. Yara suka miƙe suka gaishe shi da Faransanci baki ɗaya. Ya hango Amana a layi na biyu, ta sunkuyar da kai tana kallon teburinta kamar an rubuta wani abu a kai.

Ya buɗe hannuwa don rigar ta nuna kanta.

"Yara, kun ga wanga tufa? A ƙasarmu sai babban mutum..."

Wani yaro mai suna Ezekiyel, wanda suke majami'a ɗaya, ya ɗaga hannu.

"Baba Kalebu, ai rigar Sarki Hirudus ce. Yayana ne ya sa ta bara. Ga ma inda kyandir ya ƙona ta."

Ƴan majami'a da ke ajin suka fashe da dariya, sauran suka bi su ba tare da sun san dalili ba. Kalebu ya ce Hirudus ɗin ma daga Ikko ya yi odar tasa, ya wuce zuwa gaisuwa.

"A nan in yaro ya ga babba sai ya ɗan durƙusa. Wannan lalaci ne. A ƙasarmu kwanciya ake yi, rub da ciki. Ku duba."

Ya zube ƙasa. Zubewar ta yi kyau, tashin ne ya gagara, don gwiwarsa ta taka rigar ta ciki, duk yunƙurin da ya yi sai wuyan rigar ya mayar da shi. Don kada a gane, ya ce daga ƙasa, "To kowa ya gwada!"

Ba sai an sake faɗa ba. Yara suka watso daga kan benci suka zube, wasu kan wasu, ana ihu ana shure-shure. Daidai nan Mushe Alhassan, wato Malam Alhassan, direktan lakwal, mutum mai tabarau da ba a taɓa ganin haƙoransa ba, ya leƙo don jin hayaniyar mece ce. Ya tarar da aji guda kwance a gabansa, da wani ƙato cikin jar riga a kan gaba.

"Madam, lafiya?"

"Gaisuwa ce, Mushe."

"To na amsa. Su tashi."

Sai da yara biyu suka ja shi ta hannu kafin Kalebu ya miƙe. Madam Farida, don ta rufa masa asiri, ta ce a yi tambayoyi. Wani ya ce ya yi musu yaren Ikko. Kalebu ya gyara murya ya zubo wasu kalmomi masu yawan "o" a ƙarshe, ya ce ma'anarsu ina kwana. Aka ce ya maimaita don a rubuta. Ya maimaita, suka fito daban. Aka ce ya sake, suka sake fitowa daban.

"Yaren yana da faɗi," in ji shi.

Sai wata yarinya mai suna Bushira ta ɗaga hannu.

"Baba, Kukar Maje a cikin Ikko take?"

Kalebu ya ji kamar an zuba masa ruwan randa a baya.

"Wa ya gaya miki wannan suna?"

"Kakata ƴar can ce. Ta ce ta san ka tun kana kiwon awakin Inna Delu. Ta ce in gaishe ka, in ce kukar ƙofar gidanku ta faɗi."

Daga taga, inda ƴan majalisa suka yi cincirindo, aka ji muryar Sule: "Allahu akbar. Unguwa ce a Ikko, ɗiyata. Daga bakin teku sai ita."

"Lokacin sakwara ya yi!" in ji Kalebu da ƙarfi. "Kowa waje!"

Yanzu komai ya rataya a kan turmi. In sakwara ta fito fara, mai laushi, mai ɗumi, ba wanda zai sake tuna Hirudus ko awakin Inna Delu. Aka kafa turmi a tsakar lakwal ƙarƙashin bishiya. Sauran azuzuwa suka fito, masu tallar ƙofar lakwal suka matso, aka kawo wa direkta kujera a gaba. Kalebu ya zazzage buhu, doya biyu suka faɗo. Ya tabbata uku ya saya, amma ba lokacin bincike ba ne. Ya fere su da wuƙar aljihu, ya yayyanka manya-manya, ya zuba a turmi ɗanyu, ya naɗe hannun riga.

Balaraba ta ce, "Haka nan za ka daka ta?"

"Ki zuba ido, Balaraba. Yau za ki ga abin da turminki bai taɓa gani ba."

Ya ɗaga taɓarya sama, ya sauke da dukan ƙarfinsa. Wani yanki mai santsi ya tsere daga ƙarƙashinta, ya tashi sama, ya sauka a cinyar direkta. Bugu na biyu ya aika wani cikin tiren mai ƙosai. Na uku akuya ce ta cafe. Yara suka fara tsalle suna kama doya a iska.

"Haka take yi da farko," in ji Kalebu. "Sai ta san hannu."

Ya tsince su, ya mayar, ya ci gaba. A hankali doyar ta farfashe, ta zama wani abu mai yauƙi da gudaji, yana fallatsa ko'ina. Ɗumi dai bai zo ba. Ya ƙara ƙarfi. Ya zura hannu har gwiwar hannu ya juya ta, ya ji sanyi ƙalau. Gumi ya keto masa, ya share fuska da hannun, ya share wuya, ya share ƙeya, ya zura cikin riga ya share ƙirji.

Abin ya fara daga tsakanin yatsu. Ya ɗan sosa a jikin taɓarya. Sai ya hau damtse. Sai wuya. Kafin ya sake ɗaga taɓarya, ji ya yi kamar an juye masa kwandon tururuwa a cikin rigar Hirudus. Mutumin ƙasar gero bai san ruwan ɗanyar doya na ƙaiƙayi ba, ranar ya sani.

Ya noƙe kafaɗa, ya murza wuya a jikin ƙyalƙyalin riga, ya goga ƙafa da ƙafa.

Sule ya ce, "Ɗan Ikko, mi ya faru?"

"Rawa ce. Ba a dakan sakwara sai da rawa."

Yara suka ce sun gani suna so. Nan da nan filin lakwal ya cika da masu noƙe kafaɗa da sosa haƙarƙari, wani ya samo galan yana kiɗa. Mushe Alhassan, wanda yauƙin ya fallatsar masa a wuya, yana zaune ƙiƙam, sai dai ɗan yatsansa ɗaya da ke aiki a ƙarƙashin kwalar riga.

Madam Farida ta leƙa turmin. "Baban Amana, ta nuna ke nan?"

"Ta nuna sarai."

"To bisimilla," in ji Sule. "Mai abinci shi ke fara ci."

Ido ya yi yawa. Kalebu ya ɗebo loma, ya jefa a baki, ya tauna, ana jin ƙarar gudajin daga nesa. Ya haɗiye da ƙyar. Ya yi murmushi. Murmushin bai daɗe ba, don ƙaiƙayin da ke waje ya samu hanyar shiga ciki. Harshe, dasashi, maƙogwaro. Ya yi tari, ya yi kakari, ya fizge hular ƙafar wando ya yar, ya tuɓe rigar Hirudus ya wurgar, ya ruga ya manna bayansa a jikin bishiya yana gogawa sama da ƙasa kamar sa a bakin garke.

"Wayyo Inna! Wayyo ni Kalebu! Ku ba ni toka! Ku kawo mai, jama'a, na mutu na lalace!"

Ba kalmar Ikko ko ɗaya a ciki. Hausa ce tsantsa, irin ta bayan Jibiya.

Sule ya riƙe ciki. "Madam, ku rubuta wannan. Yaren Ikko ne, kuma duk mun gane shi."

Ana cikin haka aka ga mutane na buɗe hanya. Susana ce, da tukunya a kai tana tururi, da ƙaramar roba a hannu, da kwalbar man ja a hammata. Ba ta dubi kowa ba. Ta miƙa wa mijinta kwalbar, ta gaida direkta, ta gaida Madam. Balaraba ta kifar da abin da ke turmin, ta wanke shi tas. Susana ta buɗe tukunya: doya ta uku ce, dafaffiya, tana farfashewa don laushi. Matan biyu suka sa taɓarya, kafin a gama dariya ta haɗe ta yi sumul tana sheƙi. A robar kuwa miyar kuɓewa ce da kifin tabki.

Amana ce ta rarraba, loma ɗai-ɗai, ta fara da direkta. Kanta a ɗage yake yanzu, ƙawayenta sun kewaye ta kowa na miƙo hannu.

Kalebu na gindin bishiya daga shi sai singileti, yana ƙyalli da man ja tun daga goshi har cibiya. Susana ta kawo masa tasa lomar. Ya karɓa ba tare da ya ɗago ido ba, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ke a ina kika koya?"

"A gidan fasto a Maraɗi, tun ina budurwa. Teku dai ban taɓa gani ba, Baban Amana. Amma na taɓa ganin tukunya."

Sunan Ɗan Ikko bai kai la'asar ba. Kafin ya tura babur ɗinsa gida, yaran unguwa sun riga shi, duk lungun da ya shiga sai su zube rub da ciki su tashi suna sosa haƙarƙari. A majalisa Sule ya sanar cewa daga yau gardamar teku an rufe ta, amma duk mai tambaya a kan ƙaiƙayi ga gwani an samu, Na Inna Delu. Sunan ya zauna daram kamar don shi aka yanka rago.

Ya kwana biyu bai fita ba, yana gyaran injuna a cikin gida. Ran nan Amana ta dawo daga lakwal ta tsaya a kansa.

"Baba, Madam ta ce yara sun ce ba a taɓa baƙo kamarka ba. Ta ce in ka yarda ka dawo ka ba mu labarin Kukar Maje. Labari kawai, ta ce. Ban da kaya."

Kalebu ya jujjuya wani ƙarfe a hannu. Can ya ɗago.

"Kukar Maje," in ji shi. "Su sun san Kukar Maje kuwa? Rijiyar garinmu, in kika jefa guga ranar Laraba sai Juma'a za ki ji ya taɓa ruwa. Furarmu kuma ba irin ta nan ba ce. Ba a iya bayaninta da baki, sai dai in dama musu su gani."

Susana ta tashi, ta ɗauki ƙwaryar fura da ludayi, ta shiga da su ɗaka, ta ja ƙofa ta sa makulli.